Shekarar da Keke Ya Ƙara Mini Suga

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun haɗu a falon Ummanku kuna zaton barci nake yi. Kuna cewa Baba ya sayi keke a Dubai don ya rage tumbi, sai keken ya rame, shi kuma ya ƙara ƙiba. Zainab har kwaikwayon yadda nake taka feda take yi, alhali ba ta taɓa ganina a kan keke ba. Ban ji haushi ba, domin rabin maganar gaskiya ce. Abin da ya ci mini rai shi ne wanda na ji daga bakin mutanen waje, wai na baro Dubai ne saboda na karye. Ban karye ba. Shagon yana nan a unguwar Al Ras, Baffanku Sabi'u yana zaune a kan kujerata, kuma ni da hannuna na miƙa masa makulli. Ku zauna ku karanta yadda aka yi, don in an sake faɗa a gabanku ku san abin da za ku ce.

A lokacin na haura shekara ashirin ina aikin kago. 'Yan kasuwarmu su zo su yi sayayya, su jibge mini kayansu, in auna, in sa a ɗaure, in loda a kwantena. Aikin zama ne, kuma duk wanda ya shigo sai an sha shayi da shi, irin shayin nan nasu mai kauri da madara da sukari. Idan mutum goma suka shigo a yini, kofi goma na sha, in ɗora da shinkafa da rana. Ummanku ta biyo ni ne bayan mun aurar da Zainab, muka zauna a hawa na huɗu na wani bene a unguwar Muraqqabat. Garin bai taɓa kwanta mata ba. Kullum cewa take yi wane irin gari ne wannan, mutum ya yi wata guda bai ji sallamar maƙwabciya ba. Ita ce ta fara lura da cewa ba na rabuwa da gorar ruwa, kuma ina yawan murza yatsun ƙafata. Na ce mata sabon takalmi ne. Washegari dai na ga kaina a gaban likita.

Likitar wata 'yar Indiya ce, 'yar ƙarama, amma idonta ba wasa. Ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana aikinsa. Ta rubuta lambar da gwaji ya nuna, ta ɗauki jan biro ta ja layi can ƙasa da ita, ta ce nan take so ta ga lambar bayan wata uku. Ta yi mini bayani cewa wannan gwajin ba irin wanda ake yi wa wayo da yunwar kwana ɗaya ba ne, duk abin da mutum ya ci cikin wata ukun nan jini yana riƙe da shi. Ta ba ni magani, ta ce in rage ci, in motsa jiki. Na yi ta gyaɗa kai ina tunanin kwantenar da za ta tashi ranar Laraba. Da muka dawo gida Ummanku ta kira Sabi'u ya zo, ta zaunar da mu, ta ajiye takardar a tsakiya.

"Alhaji, ni na yi jinyar Yaya Ɗanlami," in ji ta. "Ina tsaye aka fito da shi ba ƙafa ɗaya. Ba zan sake ganin irin wannan ba. In wata ukun nan suka cika lambar ba ta sauko ƙasan layin nan ba, ka ba Sabi'u makulli mu koma gida, inda ni zan san abin da ke shiga bakinka."

Na yarda nan take, a gaban shaida, saboda na ɗauka abu ne mai sauƙi. Sharaɗi ɗaya na kafa: kada kowa a Al Ras ya ji. Ku 'yan zamani ba za ku gane ba, ku da ciwon kai ma sai kun sanar da duniya a waya. Mu an raine mu ne a kan cewa namiji ko a gadon asibiti yake, in an ce ya jiki, ya ce da sauƙi, in an ce lafiya, ya ce lafiya lau. Ga kuma sana'a. Mutum yana ba ka kayansa ya hau jirgi ya tafi, to ranar da ya ji ba ka da lafiya zai fara tunanin wa zai riƙe masa kayan in ka faɗi. Ba na son barin shagon nan. Na gina shi daga teburi ɗaya da sikeli ɗaya, kuma tunanin in koma Kano in zauna a ƙofar gida ina kallon masu wucewa yana tayar mini da hankali fiye da ciwon.

Maganar keke daga Injiniya Mustapha ta fito, wani mutumin Zariya da ke zaune a hawa na biyar, yana aiki a wurin tace ruwan teku. Nakan haɗu da shi a lifta da keke a kafaɗa, sanye da wasu matsattsun kaya waɗanda ko a banɗaki ba zan yarda a gan ni da su ba. Ummanku ta yi magana da matarsa, matar ta yi magana da shi, kafin in ankara an gama shawara ba tare da ni ba. Ya raka ni muka sayo keken. Da na ɗaga shi da hannu ɗaya sai na tambayi mai shagon ko sauran ƙarfen yana cikin kwali. Ni da na yi samartakata ina ɗaukar dilar yadi daga Kwari zuwa Sabon Gari a kan baƙin keken ƙarfe, yau an ba ni abu mai taya kamar tsinken tsire da sirdi wanda bai kai tafin hannuna ba. Kayan kuwa na ƙi. Muka yi sulhu a kan in sa gajeren wandon daga ciki, in ɗora nawa wandon a kai, in sa 'yar shara, in ɗaure ƙafar wandon da roba. Hular kwano na yarda da ita, amma a kan hulata na ɗora ta. Sannan na ce masa ba zan hau keke a ko'ina cikin Dubai ba. A Deira, yankin da shagona yake, masu kai shayi da burodi ne ke hawan keke, in wani Alhaji ya hango ni da hantsi, kafin la'asar Kano ta ji na sayar da mota.

Injiniya ya ce wannan ba matsala ba ce, shi ma can bayan duwatsu yake zuwa. Saboda haka kowace Lahadi, ranar da ba ma buɗe shago, da mun idar da sallar asuba sai mu ɗaura kekuna a bayan motarsa mu kama hanya. Tafiyar kusan awa biyu ce. A bar benaye, a ratsa rairayi, a shiga tsakanin duwatsu baƙaƙe marasa ko ciyawa, sai kawai a ɓullo a ga teku shimfiɗe. A kusa da garin Dibba muke ajiye mota. Yana da hanyoyi uku da ya sani kamar tafin hannunsa: ɗaya ta bi bakin teku ta yi kudu wajen Khor Fakkan, dutse a dama, ruwa a hagu, ɗaya ta kutsa cikin gonakin dabino ta zagayo, ta uku kuma ta hau dutse, wadda na gaya masa tun ranar farko cewa ko da kuɗi ba zan bi ta ba. Ta bakin tekun muka zaɓa. Shekara ashirin ina ƙasar ban san akwai ƙauye a cikinta ba. Ga awaki suna tsallaka titi ba sa neman izinin kowa, ga ƙananan masallatai farare, ga masunta suna jan raga da tsohuwar mota maimakon hannu, ga kifi an shanya yana bushewa. Ƙafata kuwa ba ta manta ba. Minti biyar na farko keken ya yi ta rawa da ni, daga nan na ji kamar jiya na sauka daga kan nawa na Kwari, har na fara yi wa Injiniya dariya.

Ba mu yi minti ashirin muna tafiya ba muka iso wani ƙauye. A gefen titi, jikin katangar wata gonar dabino, akwai rumfar da aka yi da ganyen dabino, a ƙarƙashinta wani dattijo farin gemu yana zaune a kan darduma, da filas a gabansa da faranti a rufe. Na yi masa sallama daga kan keke. Ya amsa da cikakkiyar amsa, har da wabarakatuhu, sannan ya ɗaga filas ɗin sama ya yafito ni. Na kama birki.

"Alhaji, ba a tsayawa," in ji Injiniya. "Hannu kawai ake ɗagawa a wuce. In jiki ya huce, aikin ya ɓaci."

Na dube shi na ce ban san yadda aka yi tarbiyyarsa a Zariya ba, amma ni a gidanmu ba a koya mini in wuce dattijon da ya kira ni ba. Na ce minti biyar kawai. Ya ce zai ƙarasa ya dawo ya same ni.

Sunan dattijon Abu Salim. Tsohon masunci ne, ya bar teku ya koma gonar da ya gada. Larabcina na kasuwa ne, na auna da ɗaure da nawa ne, amma ya ishe mu. Ya zuba mini gahawa mai ɗaci a ɗan kofi, ya buɗe farantin. Dabino ne irin wanda ban taɓa gani a kasuwa ba, mai laushi, yana ƙyalli. Ya ɗauki ɗaya ya ci, ya turo mini. Ku gaya mini abin da zan yi. In ce masa ba na ci? Sai ya tambaye ni dalili, ni kuma in buɗe baki in gaya wa mutumin da na sani yau cewa ba ni da lafiya? Na yi bisimilla na ɗauka. Ya ɗauki wani, na ɗauki wani. Na san ƙa'idarsu ta girgiza kofi in gahawa ta ishi mutum, amma ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake girgiza faranti. Ya ba ni labarin yadda suke zuwa kamun kifi da jirgin katako, na ba shi labarin Kano. Da Injiniya ya dawo bayan awa biyu da rabi, jiƙe sharkaf da gumi, ya tarar da ƙwallayen dabino sun yi tudu a tsakaninmu, ana zagaya ni da turaren wuta, wanda shi ne sallamarsu ga baƙo.

Lahadi ta biyu na yi niyyar ɗaga hannu kawai. Amma yana hango ni ya miƙe tsaye, kuma wannan karon bayan dabino har da wata alewa tasu mai santsi da ake ci da cokali. Ta uku na ga bai kamata in riƙa zuwa hannu rabbana ba, sai na sayi kilishi da alkaki a wurin wata Hajiya da ta zo sayayya, na ɓoye a motar Injiniya. Kuskuren da na yi ke nan. Balaraben ƙauye ba ya yarda baƙo ya fi shi kyauta. Mako na gaba matarsa ta soyo wani abu kamar ƙananan fanke, an tsiyaya masa ruwan dabino. Na rama da dubulan. Ya rama da gurasa da zuma. Duk abin da na ɗauka shi ma sai ya ɗauka, kuma duk lokacin da na rage hannu sai ya ce yalla ya Hajji, wato maza ci gaba Alhaji, ya turo farantin. Kada in yi muku ƙarya in ce kunya ce kaɗai. Abubuwan nan da daɗi, kuma na yi kewarsu, domin a gida Ummanku ta mayar da ni kan acca da ganye. Amma abin da ya fi ja na shi ne zaman. A Al Ras duk wanda ya zauna kusa da ni akwai abin da yake so a auna masa. Wannan mutumin ba ya son komai a wurina sai hira.

A gida kuwa ni jarumi ne. Wayar Injiniya tana zana taswirar duk inda ya bi, sai ya turo mini, ni kuma in nuna wa Ummanku dogon jan layi a bakin teku in ce kin gani. Kafin mu hau bene nakan yayyafa ruwa a wuyan rigata. In shigo ina ɗingishi, in zube a kujera ina nishi, ta kawo mini ruwa tana yi mini sannu. Injiniya ba ya jin daɗin abin, amma ya girmama ni da yawa, ya kasa ce mini a'a. Abin da ya tona asiri shi ne ɗan injin nan da ake huda yatsa. Kowace Litinin da safe Ummanku tana gwada ni, kuma kowace Litinin lambar tana sama da ta Juma'a. Ta fara zargin injin, ta sayo wani. Ta koma kan Sabi'u, ta ce shi ke saya mini shinkafa a shago, ya yi ta rantsuwa. Na lura kuma ya fara zama a kujerata in na fita salla, yana juyawa a kai yana gwada ta. Da wata biyu suka cika, Injiniya ya tsayar da mota a gefen hanya tun kafin mu kai duwatsu.

"Alhaji, ka yi haƙuri, daga yau ba zan sake turo taswirar ba," ya ce. "Kullum matata sai ta ce Hajiya tana yi mini addu'a. Addu'ar nan tana ƙona ni. Saura wata ɗaya. In kana son shagonka, yau ka wuce shi."

Na so in yi masa faɗa, amma gaskiya ya faɗa. Ya tayar da mota muka ƙarasa.

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Muna doso rumfar na hango shi ya riga ya miƙe, filas a hannu. Na sunkuyar da kai na zuba wa taya ido, na taka feda da ƙarfi kamar wanda ya yi sata. Na ji sallamarsa a bayana, na ji ya sake yi da ƙarfi, ban amsa ba. Ranar ce na fara ganin sauran hanyar da na yi wata biyu ina nuna wa Ummanku. Akwai inda titin ya hau ya juya, teku ta koma ƙasa da mutum shuɗiya, da wani ɗan tsibirin dutse a tsakiya, akwai wani tsohon masallacin ƙasa a gindin tudu wanda da a Kano yake da ba wanda zai ce baƙo ne. Duk na gani, amma ban ji daɗin komai ba. Kunya ta hana ni ko kallon Injiniya. Da za mu dawo na roƙe shi mu bi ta cikin gonaki don kada mu sake wucewa ta gabansa. Muka zagayo, muka ɓullo inda muka ajiye mota. A jikin motar akwai wata tsohuwar a-kori-kura, Abu Salim yana tsaye a bayanta, ga farantin a rufe, fuskarsa ba alamar dariya.

"Ya Hajji, me na yi maka?" ya ce. "In wata magana na faɗa, gaya mini in ba ka haƙuri. In abincin gidana ne bai yi maka ba, gaya mini. Amma mutum ba ya cin abinci da ni wata biyu sannan ya wuce ni kamar itace."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na nemi ƙaryar da zan yi, Larabcin ma ya gudu ya bar ni. Sai na ji bakina ya faɗi abin da ban taɓa faɗa wa wani namiji ba. Na ce masa ba ni da lafiya, suga ne da ni, likita ta hana ni duk abin da ke cikin farantin nan, kuma in ban gyara ba cikin wata ɗaya zan bar ƙasar.

Ya tsaya yana kallona. Can sai gemunsa ya fara rawa. Ya fashe da dariya har sai da ya zauna a bakin motar yana share hawaye, ni kuma ina tsaye da hular kwano a kan hula ban san abin dariyar ba. Da ya samu numfashi sai ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. A bayan damtsensa akwai wani farin abu manne, kamar murfin kwalba. Ya ce abin yana auna sugansa dare da rana, yana aika wa wayar 'yarsa, wadda take aikin jinya a Fujairah. Shekara bakwai ke nan da aka hana shi dabino, shi da yake da gona guda. Farantin nan don masu wucewa ake ajiye shi. Amma a al'adarsu mai gida ba ya zura wa baƙo ido yana ci shi kaɗai, dole ya sa hannu, kuma da ya ga yadda wannan Alhajin na Najeriya yake ci da marmari, sai ya ce wa matarsa ta ƙara. Kowace Lahadi da azahar 'yar tana kira tana faɗa, har ta ce za ta zo ta rushe rumfar.

"Na ɗauka kai ne kake so," in ji shi.

"Ni ma na ɗauka kai ne," na ce.

Muka dubi juna, kowa ya san bai faɗi gaskiya duka ba, muka sake kwashewa da dariya. Injiniya ne ya cinye abin da ke cikin farantin.

Watan ƙarshe na yi shi da gaske. Na bar shayin shago, na ce wa mutane haƙori ne ke damuna. Kowace Lahadi ina bin hanyar har ƙarshe, Abu Salim yana biye da mu a a-kori-kurarsa a hankali, ya kunna fitilun nan masu ƙiftawa kamar yana rakiyar gwamna. In mun tsaya sai ya zuba mana gahawa mai ɗaci, ya fito da kokwamba. Amma likitar ta faɗi gaskiya, jini ba ya mantuwa. Da aka yi gwajin lambar ta sauko, sai dai ba ta kai layin ba. Kaɗan ya rage, ɗan abin da faranti biyu ko uku suka jawo.

Zan iya yin gardama. Zan iya cewa a ƙara mini wata ɗaya, kuma na san in na matsa Ummanku za ta iya yarda, tunda a saninta na yi wata uku ina wahala a kan keke. Wannan ne ya hana ni. Da muka dawo gida na zaunar da ita na kwashe labarin duka na gaya mata, har da ruwan da nake yayyafawa a wuya. Ta saurare ni har na gama tana gyaran zogale.

"Ai na sani tun mako na biyu," ta ce. "Ni nake wankinka, Alhaji. Mutum ya yi tafiyar awa uku a rana, rigarsa ba warin gumi sai ƙanshin turaren wuta?"

Na tambaye ta to me ya sa ta yi shiru, har ta sayo sabon inji, har ta sa Sabi'u rantsuwa. Ta ce tana jira ne ta ga ranar da zan faɗa da bakina. Ta ce kuma tun da ta zo garin nan ba ta taɓa jin na dawo gida da labarin da ba na kwantena ba sai a watannin nan, da nake zuwa ina ba ta labarin masunta da jirgin katako, ina cewa a hanya na ji. Ta ce ta gane na yi aboki, ba ta so ta raba mu. Sannan ta ɗago kai ta ce kada in ɗauke ta waliyyiya, ita ma gida take son komawa, kuma yarjejeniya yarjejeniya ce. Ban taɓa jin haushinta da ƙaunarta a lokaci guda kamar ranar ba.

Lahadin ƙarshe na je na yi wa Abu Salim sallama. Ya ce farantinsa ne ya kore ni daga ƙasar, na ce a'a, bakina ne, wanda ya iya ci ya kasa magana. Ba mu yi doguwar hira ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, kuma ban ji kunyar hawayen da na yi ba.

Ranar Litinin na miƙa wa Baffanku makulli a gaban mutane. Nan da nan maƙwabta suka taru a ƙofar shago, kowa yana tambaya, Alhaji lafiya dai? Lafiya lau ta zo har bakina, na mayar da ita. Na ce musu ba lafiya ba, suga ne da ni, zan koma gida in yi jinyar kaina. Kowa ya kama kallon takalminsa, aka yi mini Allah ya sawwaƙe aka watse. Ban kai ga tashar jirgin ƙasa ba mutum uku suka tare ni, ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana waige-waige, kowanne da magana ɗaya: ni ma. Na ƙarshensu Alhaji Garba ne mai kayan ƙamshi, wanda muka yi shekara goma sha biyar muna shan shayi tare. Ya ja ni gefe ya tambaye ni cikin raɗa ko zan sayar da keken, kuma wai ina ne wurin nan da ba a ganin mutum.

Na ce masa keken kyauta ne, ya je ya samu Injiniya. Na kwatanta masa hanyar, dutse a dama, ruwa a hagu. Na ce in ya kai wata rumfa ya ga dattijo ya ɗaga filas, ya kama birki ya sauka, ya gaishe shi da kyau, ya ce ina gaishe shi. Amma ya gaya masa gaskiya tun kafin ya buɗe farantin.